Tsofaffin mujallun mota sun rikita min lissafi, wai da gaske mota ta fi araha a da?

Ɗan_Gareji:

Assalamu alaikum jama'a. Dan Allah masana lissafi da masana mota ku zo ku raba ni da wani abu da ya tsaya min a rai yau kwana uku kenan.

Ana kwashe kayan ɗakin kawuna, Allah ya jiƙansa, sai aka ci karo da wani ƙaton kwali cike da tsofaffin mujallun mota, shi dama mutum ne da ba ya yar da takarda, ko rasit ne sai ya ninke ya adana. Har an ce a kai bola na ce a'a ku bar min kayana. Akwai Motor Trend, akwai Road & Track, akwai Car and Driver, sai Autocar na Ingila guda bakwai ko takwas, daga ƙarshen shekarun 1950 har zuwa tsakiyar 1980. Takardun duk sun yi jaja-jaja, gefen wasu gara ta ɗan taɓa, in ka buɗe warin tsohuwar takarda ne zai fara bugun hancinka, amma hotunan suna nan ras kamar jiya aka buga.

Toh ina cikin buɗawa sai na faɗa kan tallar Ford Mustang ta 1964, sabuwa fil, an rubuta farashi ɓaro-ɓaro dala 2,368. Wlh sai da na kusanto da takardar fuskata na sake dubawa ko sifili ɗaya ne ya goge. Na ci gaba sai ga Datsun 240Z ta 1970 dala 3,526, sai wata wai ita Yugo a 1985 dala 3,990, a cikin na Ingilan kuma na ga Mini ta 1959 a kan fam 497. A 2024 kuwa an ce in aka haɗa aka raba, sabuwar mota a Amurka ta kai wajen dala dubu 48.

Na san za a ce min ai hauhawar farashi ne, kuɗin da ba ɗaya yake da na yanzu ba, na yarda. Amma har ya kai haka? Ko dai kamfanonin ne kawai suka gano ba mu da yadda za mu yi suke ta tsuga mana? Ta yaya ake yin lissafin nan daidai? Sannan su kansu mujallun suna da wata daraja ko dai in bar wa gara ta ƙarasa aikinta?

Mai_Lissafi:

Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan kawu ya sa ya huta, gaskiya ya bar maka abin arziki.

Lissafin ba wuya. Ofishin ƙididdigar ƙwadago na Amurka yana fitar da ma'aunin farashin kayan masarufi, wato sukan ɗauki kwandon abubuwan da mutum yake kashe wa kuɗi, abinci, haya, mai, sutura, magani, su riƙa bin farashinsu wata-wata. A 1964 ma'aunin yana kan 31, a 2024 yana wajen 313. Ka raba na biyu da na farko za ka samu 10 da ɗan ɗoriya. Kenan duk farashin da ka gani a mujallar 1964 ka ƙara masa sifilin nan da kake cigiya. Mustang ɗinka ta koma wajen dala dubu 24. Mustang mafi araha ta 2024 kuma tana tsakanin dubu 31 da 32. Ka ga akwai tazara amma ba irin wadda ta hana ka barci ba.

Na 1970 kuma ninkin 8 ne, Datsun ɗin ta zama wajen dubu 28, ita kuwa jikarta Nissan Z ta yanzu ta haura dubu 40. Yugo ka ninka sau uku ba kaɗan, dubu 11 da wani abu.

Na Ingila ya fi rikici saboda suna da ma'auni biyu, tsoho da sabo, kuma ba sa ba da amsa ɗaya in aka ja shekaru da yawa. Fam 497 na 1959 zai iya fito maka wajen dubu 10 ko ya kusa dubu 15, ya danganta da kalkuletar da ka shiga. Ka kuma lura lokacin ba su koma lissafin ɗari-ɗari ba, sai a 1971 suka koma, shi ya sa za ka ga farashi da lambobi kashi uku, fam da sule da kwabo, sule 20 ne fam ɗaya. Kuma a cikin 497 ɗin nan har da harajin saye da gwamnati ke ɗorawa, wanda aka soke a 1973 aka kawo VAT.

Wani abu da mutane ke mantawa, ba kullum farashin mota ke hawa ba. Model T ta kamfanin Ford ta fito a 1908 a kan dala 850, kuɗin da in ka juya shi zuwa na yau ya kusa dubu 30. Da Ford ya kawo layin haɗa mota mai tafiya a 1913 sai lokacin haɗa guda ɗaya ya sauko daga sama da awa 12 zuwa kusan awa ɗaya da rabi, farashi ya yi ta gangarowa har ya kai dala 260 a 1925, abin da bai kai dubu 5 na yau ba. Ita kam wannan arahar gaskiya ce, duk ta inda ka auna.

Baba_Sitiyari:

Yaro bari in sa baki, ni da hannuna na kwance injinan irin waɗannan motocin ba a takarda na gan su ba.

Mai_Lissafi ya yi maka lissafin kuɗi amma bai gaya maka abin da ake ba ka a kan kuɗin ba. Koma ka duba tallar nan da kyau, kusa da farashin za ka ga an rubuta Detroit da wasu ƙananan haruffa, ma'anarsa farashin a bakin masana'anta ne, kuɗin ɗauko ta zuwa garinku daban, haraji daban. Kuma wadda ake ba ka a 2,368 mai silinda shida ce, ƙarfin doki 101, giyar hannu guda uku. Kana son rediyo? Ƙaro kuɗi. Otomatik? Ƙaro kuɗi. Fawa sitiyari, esi, babban injin V8 da kowa ke gani a hoto yana haɗiyar yawu, duk ƙaro kuɗi. Kafin mutum ya fita daga wajen dila da yawa sun doshi dubu uku ko sun wuce. Farashin talla tun a wancan zamanin tarko ne na jawo ka cikin shago, ba yau aka fara ba.

Mini kuwa kar ma ka tona. Ta farkon nan in ka zauna a ciki za ka nemi mariƙin buɗe ƙofa ka rasa, igiya ce kawai a miƙe a jikin ƙofar sai ka ja ta ƙasa ta buɗe. Gilashin ba ya sauka, turawa ake yi gefe kamar tagar kanti. Maɓallin tayarwa a ƙasa yake kusa da kujera. A mai arahar ko hita babu sai ka biya, a ƙasar da sanyi ke kashe mutum fa. Injin cc 848, in ka taka ta har ƙasa da ƙyar ta wuce mil 70. Mota ce mai daɗin tuƙi ba ƙarya, tana shan kwana kamar an ɗaure ta da titi, amma araha ba ta ado. Ana ma ba da labarin cewa mutanen Ford sun sayi guda suka wargaza ta kusa-kusa suka yi lissafi, suka ce lallai kamfanin asarar wajen fam 30 yake yi a kan kowace ɗaya.

Sannan maganar ƙarko. Ka duba hoton dashbod a mujallunka ka ƙirga gurbin lambobin mitar tafiya, guda biyar ne, in ta kai 99,999 sai ta koma sifili, domin masu ƙera ta ba su sa ran yawancinsu za su wuce nan ba. Mu da muka yi aikin mun san dalili. Kafireta kullum cikin saiti, fulogi da fayint ba sa daɗewa sai an canza, ga giris da za a bi gaɓoɓi ana matsawa, da safe in an yi sanyi sai ka ja cok ka yi ta lallashinta kamar amarya. Tsatsa kuma ita ce ajalinsu, a ƙasashen da ake zuba gishiri a titi saboda ƙanƙara shekara biyar shida za ka ga ƙasan ƙofa ya fara rubewa, wata ka ɗaga kafet ka hango kwalta. Yanzu matsakaicin shekarun motar da ke yawo a titin Amurka ya wuce 12, a ƙarshen shekarun 1960 bai kai rabin haka ba. To in mota ɗaya ta yanzu tana yi maka zaman biyu na da, sai ka sake lissafin.

Ni dai abin da nake kewa ɗaya ne, a da in mota ta tsaya maka a daji da sukudireba da filaya da ɗan waya za ka tashe ta. Ta yanzu sai an jona mata kwamfuta ta faɗi abin da ke damunta, in ba haka ba ka yi ta kallonta tana kallonka.

Abu_Zinari:

Duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Ba mota ce ta yi tsada ba, kuɗin takarda ne ya mutu. A 1964 oza ɗaya na zinari dala 35 ne, kenan Mustang oza 68 ce. Ku je ku duba nawa oza 68 yake yau, ko da a kan dala dubu biyu ka lissafa ya wuce dubu 130, zai saya maka Mustang huɗu har da canji. Tun da shugaban Amurka Nixon ya raba dala da zinari a 1971 komai ya lalace, ma'aunin gwamnati kuma ni ban yarda da shi ba, ai ba za su auna kansu su ce sun gaza ba.

Mai_Lissafi:

Malam Abu_Zinari ai in aka bi lissafinka mota ta yi araha ninki huɗu kenan, ka ga ka rushe ƙorafin mai tambaya gaba ɗaya haha. Matsalar ita ce dala 35 ɗin nan ba kasuwa ce ta yanka ba, gwamnati ce ta ɗaure farashin tun 1934, kuma Ba'amurke ma doka ta hana shi tara sandunan zinari sai a ƙarshen 1974 aka sake su. Ba a auna tsawon abu da igiyar da aka ƙulle. Kuma ba wanda ake biya albashi da zinari.

Amma maganar shakku a kan ma'aunin akwai ɗan ƙamshin gaskiya a ciki, sai dai ba ta inda kake nufi ba. In kamfani ya ƙara wa mota wani abu sabo ya ƙara kuɗi, masu ƙididdiga sukan cire wannan ƙarin su ce ba tsada ba ce inganci ne ya ƙaru. Shi ya sa a takardarsu farashin sabuwar mota kusan bai motsa ba daga ƙarshen shekarun 1990 har zuwa 2019, alhali kuɗin da mutane ke zarowa daga aljihu yana ta hawa. Su ma ba ƙarya suka yi ba, mai saye ma ba ƙarya ya yi ba.

Uwar_Biyu:

Sannunku da ƙoƙari. Ni fa ban san injin ba, amma na san lissafin cefane, kuma a ganina duk wanda zai ce abu ya yi tsada ko ya yi araha to ya faɗa min kwana nawa mutum zai yi aiki kafin ya mallake shi, shi ke nan.

Na ɗan duba. Mafi ƙarancin albashi na tarayya a Amurka a 1964 dala 1.25 ne a awa. Ka raba 2,368 da shi, awa 1,900 ba kaɗan, wato kamar sati 47 in mutum yana yin awa 40 kuma bai ci bai sha ba. Yau mafi ƙarancin yana kan 7.25, kuma tun 2009 yake nan daram ba a taɓa shi ba. Raba dubu 32 da 7.25, awa 4,400, sama da shekara biyu. Toh Baba ka ce min motar yanzu ta fi ƙarko na ji, amma talaka shekara biyu zai yi yana aiki a kan abin da babansa ya yi ƙasa da shekara ɗaya.

Na san wani zai ce ai jihohi da yawa sun ɗaga nasu, Kalifoniya ta kai dala 16 a 2024, in ka yi da wannan sai ya dawo awa 2,000 kusan daidai da na da. Gaskiya ne. In kuma aka ɗauki kuɗin shigar iyali na tsaka-tsaki, a 1964 wajen dala 6,600 ne a shekara, motar ta cinye kashi ɗaya cikin uku da ɗan ƙari, yanzu ma kusan hakan ne. Amma ba a nan gizo ke saƙar ba. A wancan lokacin gidaje da yawa mutum ɗaya ne ke fita nema, yanzu miji da mata duk sun fita kafin a haɗa wannan kuɗin, kuma da yake duk sun fita sai ya zama mota biyu ake buƙata ba ɗaya ba. Wannan ba kalkuletar da za ta nuna maka shi.

Wani abin kuma bashi. A da bashin mota shekara uku ne an gama, yanzu ana ja har wata 72, wasu 84, shekara bakwai kana biyan kuɗin abin da kullum darajarsa sauka take. Dila ba ya ma gaya maka farashi yanzu, tambayarka zai yi nawa za ka iya biya a wata.

Baba_Sitiyari:

Hajiya maganarki dutse, ban ja ba. Sai dai ki ƙara da cewa wanda ya ci bashin mota a Amurka a 1981 ruwan da aka ɗora masa ya wuce kashi 15 cikin ɗari, shekarar da ta gabace ta kuma hauhawar farashi ta kai kashi 13 da rabi, Ingila ma a 1975 ta kusa kashi 25. Yaron nan ya jera mujallunsa na 1973 zuwa 1981 ya bi mota ɗaya shekara-shekara ya ga yadda farashi ke tsalle, ga rikicin mai na 1973 da na 1979 ana layi a gidan mai. Su ma mutanen lokacin kuka suke suna cewa da ta fi. Kowa ya tuna bara bai ji daɗin bana ba.

Kuma tunda ke uwa ce bari in gaya miki abin da ya sa ni ba zan sa jikokina a tsohuwar mota ba duk son da nake mata. Akwai wani gwaji da cibiyar kamfanonin inshora ta Amurka ta yi a 2009, suka haɗa Chevrolet Bel Air ta 1959 da Chevrolet Malibu ta 2009 gaba da gaba, bidiyon yana nan a intanet. Kowa zai ce tsohuwar ce za ta yi nasara saboda ƙarfe ne zalla. Ina! Gaban Bel Air ɗin ya shige har cikin ɗakin direba, sitiyari ya daki mutum-mutumin da ke ciki, ƙurar tsatsa ta tashi kamar an kakkaɓe buhu, ita kuwa sabuwar gabanta ya murƙushe amma wurin zaman direba yana nan yadda yake. Sanya wa sabuwar mota bel ɗin ɗaure jiki sai a 1968 ya zama dole a Amurka, matatar hayaƙi ta cikin salansa 1975, jakar iska ta gaba guda biyu 1998, na'urar hana mota zamewa 2012, kamarar ribas 2018. Kowanne kuɗi ne aka ɗora a kan farashi. Amma a tsakiyar shekarun 1960 duk tafiyar mil miliyan 100 mutum sama da biyar ke mutuwa a titinsu, yanzu bai kai ɗaya da rabi ba.

Uwar_Biyu:

Baba Allah ya ƙara girma, a kan bel da jakar iska ko nawa ne a ɗora na yarda. Amma allon taɓawa mai girman faranti da kujera mai ɗumama baya da rufin gilashi su ma ran wa suka ceta? Abin da ke ba ni haushi kenan, ba a bar wa mutum zaɓi ba. Mai sayen Mustang a 1964 in ya ga dama ya ce ba ya son rediyo a rage masa kuɗi. Yau je ka ce a cire maka allo ka ji amsar da za a ba ka.

Kuma dubu 48 ɗin nan da Ɗan_Gareji ya kawo ai ba don ƙaramar mota ta koma dubu 48 ba ne, mutane ne suka koma sayen jif-jif da manyan a-kori-kura, kamfanoni kuma suka ga a nan riba take sai suka daina ƙera ƙananan. Ford a Amurka ta daina sayar da Fiesta da Focus da Fusion, a ƙananan motocinta Mustang kaɗai ta rage. Mitsubishi Mirage ma da take cikin na ƙarshe masu ƙasa da dubu 20 an janye ta daga kasuwar. Yugo duk lalacewarta, kuma ta lalace ɗin har ta zama abin barkwanci, aƙalla mai ƙaramin ƙarfi ya shiga sabuwar mota da kuɗin da bai kai dubu 12 na yau ba. Yau wannan matakalar ta ƙasa an cire ta, sai dai ka nemi ta hannu, ita ma ta hannun tun ƙarancin ƙananan na'urorin lantarki na 2021 da ta hau ba ta sauko yadda take ba.

Sarkin_Gwanjo:

Kowa ya tafi kan farashi an bar ɗan'uwa da tambayarsa ta ƙarshe. Ni harkar tara tsofaffin takardun nan na daɗe a cikinta, bari in faɗa maka gaskiya kar ka sa rai: yawancinsu ba su da wani kuɗin kirki. An buga su dubbai ɗaruruwa, kuma irin kawunka masu adanawa suna da yawa a duniya. Waɗanda ake nema su ne fitowar farko, kamar Road & Track na 1947, Hot Rod na 1948, Motor Trend na 1949, ko Car and Driver na lokacin da sunanta Sports Cars Illustrated kafin a canza a 1961, sai kuma fitowar da aka fara gwada wata shahararriyar mota, wanda ya mallaki irin motar zai so ya ajiye mujallar a cikinta. Wasu 'yan kasuwa yanke shafin talla suke su sa a firam su sayar ɗai-ɗai, wai ya fi kawo kuɗi, ni dai ina ganin wannan yanka saniya ne don a sha nono, dan Allah kar ka yi.

Ajiya: raba su da ƙasa, raba su da rana da laima, kwantar da su za ka yi kar ka tsayar, kowace a ledarta, waɗanda gara ta taɓa ka ware su daban ka duba ko da sauran rai a ciki. Kar ka kuskura ka yi musu laminatin, zafin yana kashe takardar kuma ba a cirewa. In kana da hali ka ɗauki hotonsu shafi-shafi.

Sannan in kana karantawa kar ka ɗauki duk lambar da ka gani a matsayin aya. Kafin 1972 ƙarfin dokin da Amurkawa ke rubutawa na injin tsirara ne, an ɗora shi a kan benci ba fanka ba salansa ba komai, da aka koma auna shi yadda yake a cikin mota sai lambobi suka zube, wani zai ɗauka injin ne ya lalace a shekara ɗaya alhali har da canjin ma'auni. Kamfanoni kuma sukan ba 'yan jarida motar da aka yi wa gyara na musamman. Jaguar E-Type da ta fito a 1961 a kan fam dubu biyu da 'yan kai, kusan rabin kuɗin Aston Martin na lokacin, mujallu sun buga ta yi mil 150 a awa, waɗanda suka saya daga shago da yawa ba su ga wannan gudun ba. Pontiac GTO da Car and Driver ta gwada a 1964 ma daga baya ya fito fili cewa an sa mata injin da ya fi wanda ake sayarwa girma.

In kana son abin da zai sa ka riƙe kai da gaske, bar shafin talla ka juya can baya wurin ƙananan sanarwar masu sayar da na hannu. Nan za ka ga motocin tsere da suka tsufa ana neman kai da su, bayan 1973 kuma masu manyan injina ana ta zubar da su saboda shan mai. Ferrari 250 GTO sabuwa dala dubu 18 ce a 1962, da hauhawar farashi kawai ta bi da yau ba ta kai dubu 200 ba, amma a 2018 an buga gwanjon guda a kan dala miliyan 48 da ɗoriya. Guda 36 kacal aka ƙera shi ya sa. Kar wannan ya ruɗe ka ka ce da kawu mota ya ajiye maimakon mujalla, a kan kowace ɗaya irin wannan akwai miliyoyin da aka auna a kilo aka narkar.

Ɗan_Gareji:

Kai jama'a na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu amsa haka ba. Baba na koma na duba tallar, wlh ga Detroit nan a jikin farashin da 'yan mitsi-mitsin haruffa, kwana uku ina kallon shafin ban gan su ba. Na kuma ƙirga lambobin mitar a wani hoto, biyar ne cif.

Hajiya Uwar_Biyu ni dai maganarki ta fi zauna min, domin abin da ya ci min rai tun farko ba Mustang ba ce, ganin cewa a kowace mujalla akwai wata 'yar mota a ƙasan jeri da mai ƙaramin albashi zai iya kaiwa gare ta. Abu_Zinari kai kuma sai ka fara biyanmu albashi da oza tukuna.

Na bi shawarar Sarkin_Gwanjo na juya baya, na tarar kawu ya zagaye wata sanarwa da jan biro har sau biyu, wata tsohuwar Jaguar ce ta hannu, a gefe ya yi ɗan lissafi da rubutunsa, ya tara ya ɗebe ya tara ya ɗebe, daga ƙarshe ya ja layi ya soke. Ashe shi ma a zamanin arahar kuɗinsa bai kai ba.

Tambaya ɗaya ta rage, guda uku daga cikin Autocar ɗin shafukansu sun manne da juna kamar ruwa ya taɓa su tun da daɗewa, na gwada ɓamɓare ɗaya ya fara yagewa sai na bari. Akwai dabarar raba su ko in haƙura?